Yaron da Ciwo Ba Ya Barinsa Ya Huta

A ɗakin duba yara akwai katin da kaurinsa kaɗai ke sa likita ya gyara zama. Yaro bai cika shekara biyu ba, an kwantar da shi sau biyu kan ciwon huhu, kunne na zubar da mugunya, fari ya lulluɓe harshe ya ƙi gogewa, sikeli kuma ya tsaya cak. Uwa ta ce haƙori ne, kaka ta ce shawara ce. Abin da likita ke zargi shi ne raunin garkuwar jiki.

Raunin iri biyu ne. Akwai wanda ake haihuwar mutum da shi, kuma masana sun gano nau'insa fiye da 400. A 1952 likita Ogden Bruton ya bayyana wani nau'i da ke kama yara maza, inda jiki ke kasa ƙera sinadaran yaƙi da cuta. Mafi tsanani shi ne irin na David Vetter, yaron Amurka da aka haifa a 1971, wanda ya yi kusan duk rayuwarsa cikin killataccen tantin roba, ya rasu a 1984. Auren zumunci na ƙara yiwuwar wasu nau'o'in, shi ya sa likita ke tambayar matar da ake cewa tana wabi yadda jariranta suka rasu.

Na biyu, wanda ya fi cika asibitocinmu, daga baya yake samun mutum. Tamowa ce kan gaba. Ƙanjamau na cinye fararen ƙwayoyin jini na CD4, ƙyanda na shafe kariyar da jiki ya tara, sikila na lalata saifa, ciwon suga na hana gyambo warkewa. Ga kuma dexamethasone da ake saye a kyamis don neman ƙiba: fuska ta cika, garkuwa ta zube.

Alamar da ke tona asirin matsalar ita ce maimaituwa. Ciwon kunne sau huɗu a shekara, ciwon huhu sau biyu, maruru masu dawowa, gudawar da ta ƙi tsayawa, wata biyu ana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sauƙi, ko cibiyar jariri ta wuce wata ba ta faɗi ba.

Iyayen da suka ga haka su tattara katunan asibiti da kwalayen magungunan da yaro ya sha, su kai wa likitan yara. Da gwajin ƙidayar jini da na ƙanjamau ake farawa, kuma ana samunsu a manyan asibitocin gwamnati.