Karanta Jadawalin Haske a Kyamara Domin Auna Ingancin Hoto

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa ɗalibin da ya fita ƙauye domin binciken al'ada ko adabi ba ya rabuwa da kyamara, domin akwai abubuwan da alƙalami ba ya iya kama su. Sai dai sau da yawa mai bincike kan dubi hoto a ɗan allon da ke bayan kyamara ya ga ya yi masa kyau, sai bayan ya koma gida ya ɗora shi a kwamfuta ya tarar fari ya cinye rabinsa, ko kuwa duhu ya rufe fuskokin mutane. A lokacin kuwa biki ya watse, ko mai littafin ajami ya mayar da kayansa cikin adaka. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyar kauce wa irin wannan hasara, watau karanta jadawalin haske, wanda masana ke kira histogiram.

2.0 Asali da Ma'ana

Histogiram dabara ce ta masana ƙididdiga, kuma Karl Pearson, wani masanin lissafi na Ingila, shi ya raɗa mata wannan suna a ƙarshen ƙarni na 19. A zamanin fim mai hoto ba ya sanin abin da ya ɗauko sai an wanke. Wannan ne ya sa Ansel Adams da Fred Archer na Amurka suka tsara wata hanya wajen 1940, wadda daga baya ta tsaya a kan kasa haske gida 11 daga baƙi zuwa fari, domin mai hoto ya ƙiyasta tun kafin ya danna. Kyamarar da ba ta bukatar fim kuwa, Steven Sasson na kamfanin Kodak ne ya haɗa ta a 1975, kuma irinta ce a yau ke iya ƙidaya hasken hoto nan take ta zana shi.

Kowane hoto irin na wannan kyamara tarin ƙananan ɗigo ne, miliyoyi. A hoto nau'in JPEG kowane ɗigo yana da daraja tsakanin 0 da 255, watau matakai 256 ke nan, inda 0 yake baƙi ƙirin, 255 kuma fari fat. Abin da kyamara ke yi shi ne ta jera waɗannan matakai a kwance, baƙi a hannun hagu, fari a hannun dama, ruwan toka a tsakiya, sa'an nan ta ƙidaya ɗigon da ya faɗa kowane mataki ta tayar da tsayi gwargwadon yawansu. Sakamakon yakan fito kamar jerin tuddai.

3.0 Dalilin Dogara da Jadawali

Akwai abubuwa biyu da ke yaudarar mai hoto. Na farko allon kyamara ne: a tsakar rana hoto yakan yi kamar ya yi duhu, da dare kuma ya yi kamar ya yi haske, alhali hoton bai sake ba. Na biyu shi ne ma'aunin haske da ke cikin kyamara, wanda aka gina a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya shi, ruwan toka ne mai mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Saboda haka in an nuna masa farar takarda sai ya rage haske har ta koma toka-toka, in kuma baƙin allo ne sai ya ƙara. Jadawali kuwa ƙidaya ce, hasken rana ba ya sauya ta.

4.0 Yadda Ake Karantawa

Abin da ya kamata mai karatu ya fara dubawa shi ne bangaye biyu na jadawalin. Idan tudu ya je ya jingina da bangon dama ya miƙe kamar sanda, to wani sashe na hoton ya ƙone, ya zama fari wanda babu komai a cikinsa, kuma babu wata manhaja da za ta dawo da abin da ba a ɗauko ba. Idan kuwa bangon hagu ya jingina da shi, duhu ne ya haɗiye wani sashe. Wannan ya fi sauƙi, domin akan iya ɗaga duhu a kwamfuta, ko da yake yakan fito da tsakuwa-tsakuwa. Don haka bangon dama shi ne abin tsaro.

Gyara yana hannun abubuwa uku: faɗin ƙofar da haske ke shiga, tsawon lokacin da take buɗe, da kuma lambar ISO. Kowane mataki guda yana ninka haske sau biyu ko ya raba shi biyu. Misali, sauya lokaci daga 1/250 zuwa 1/500 na daƙiƙa yana rage rabin haske, sai tuddan su matsa hagu. Yawancin kyamarori suna da maɓalli mai alamar + da - wanda ke yin wannan aiki a sauƙaƙe.

Abin lura a nan shi ne babu wata siffa guda da za a ce ita ce daidai. Wasu kan ɗauka dole tudu ya zauna a tsakiya, amma wannan kuskure ne, domin abin da ake ɗauka shi ke faɗin inda tudu zai zauna. Ga misalai huɗu:

(a) Shafin ajami: yawancinsa takarda ce mai haske, don haka babban tudu ya kamata ya kusanci dama ba tare da ya taɓa bango ba, ƙaramin tudun tawada kuma a hagu. In babban tudun yana tsakiya, a ƙara mataki 1 ko 2.

(b) Wasan dare a dandali: tudu a hagu shi ne gaskiya. Ɗan siririn layi a bangon dama ba laifi ba ne idan na fitila ne.

(c) Hazon hunturu: tudu kan matsu a tsakiya, gefe da gefe babu komai, domin ƙura ta rage bambancin fari da baƙi. Ba abin da ya ɓata, ana iya buɗa shi daga baya.

(d) Dattijo baƙi sanye da farar riga cikin rana tsaka: tuddai biyu ne, na fuska a hagu, na riga a dama. In dukkan bangayen biyu sun taɓu, ƙari ko ragi ba zai yi magani ba, domin ceton aikin wuyan riga hasarar fuska ne. Mafita ita ce a koma inuwa, ko a haska fuskar da fitilar kyamara, ko a jira la'asar.

5.0 Iyakar Jadawali

Jadawali yana faɗin yawan ɗigon da ya ƙone, amma ba ya faɗin inda suke. Shi ya sa ake haɗa shi da gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allo. Har wa yau, jadawali guda yana iya ɓoye ƙonewar launi ɗaya, kamar jar dara a rana, sai an buɗe jadawali uku na ja da kore da shuɗi. Bugu da ƙari, ko da an ɗauki hoto nau'in RAW, daga kwafin JPEG kyamara ke zana jadawalin, saboda haka sau da yawa akan sami ɗan sarari fiye da abin da ya nuna.

6.0 Kammalawa

An ga cewa jadawalin haske ƙidayar ɗigon hoto ce daga baƙi zuwa fari, kuma ana karanta shi ne tare da duban abin da ke gaban kyamara. Ɗalibin da ya saba da ɗaukar hoton gwaji, ya dubi bangon dama, ya gyara, sa'an nan ya shiga aiki, zai dawo da shafin da ake iya karanta wasullansa da fuskar da ake iya shaidawa. Daƙiƙa kaɗan wannan ke ci, kuma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.