Yadda Jami'o'i Ke Auna Ƙungiyoyin Taimako

Da yawa daga cikinmu muna zaton aikin taimakon jama'a ba ya bukatar karatu, kyakkyawar niyya ta isa. To, a Amurka jami'o'i sun mai da shi fannin ilmi. Jami'ar Indiyana ta buɗe cibiyar nazarinsa a 1987, daga baya ta zama makaranta mai ba da digiri.

A Jami'ar Johns Hopkins kuwa, Farfesa Lester Salamon da abokan aikinsa sun binciki ƙasashe fiye da 40. Sharuɗɗa biyar suka kafa na gane irin wannan ƙungiya: ta kasance da tsari, ba ta gwamnati ba ce, ba ta raba riba, tana gudanar da kanta, kuma ba a tilasta wa kowa shiga.

Sharaɗin farkon nan ne ya dame ni. Gayya fa, wadda samarin ƙauye kan yi su nome gonar tsohuwa? Ba ofis, ba sakatare, ba littafin lissafi. Watau mai ƙidaya da wannan ma'auni zai tsallake ta, ya rubuta cewa ba a taimako a ƙauyen, alhali kuwa ga dawar tsohuwa cike da rumbu.