Darasi na 14: Yara Sun Koma Makaranta, Saura Uwa

A ƙasarmu shekarar makaranta tana da zango uku. Zango na fari yakan soma a watan Satumba, bayan dogon hutu na damina. Lokacin nan gero ya nuna, gyaɗa ta kusa cira, kaka ta ƙaraso. Yara sukan sami sabon aji da sabon littafi. To, uwa fa, me ta samu?

Mata da yawa a cikinmu suna da sana'a. Wata tana suyar ƙosai, wata tana dama fura. Wata tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wata tana ɗinkin hula, wata kuwa tana da 'yar gonarta da awakinta. Duk tsawon hutu gida cike yake da yara. Wannan ya ce yunwa, wancan ya ce a ba shi na alewa. Uwa ba ta da lokacin zama, balle ta duba inda kuɗinta suke tafiya.

Ran da aka koma makaranta, gida yakan yi tsit tun daga hantsi har azahar. Kada mu bar wannan lokaci ya wuce a banza. Yadda yaro ya buɗe sabon shafi, haka ya kamata uwa ta buɗe nata. Ga abubuwa huɗu da za mu yi.

1. Mu ƙirga jarinmu

Bari mu yi misali da wata mai ƙosai. Kafin hutu jarinta naira 10,000 ne. Takan sayi wake na 5,000, mai na 3,500, itace na 1,000, albasa da barkono da gishiri na 500. In ta sayar duka takan sami 12,000. Watau ribarta 2,000 ke nan.

Da hutu ya zo, yara suka riƙa ɗiban ƙosai. Maƙwabta suka ci bashi. Ita ma ta taɓa kuɗin don gudummawar biki. Ran da ta zauna ta ƙirga, sai ta tarar 7,000 kaɗai suka rage. Ba ɓarawo ya shiga ba, rashin lissafi ne.

Saboda haka mu sami ƙaramin littafi. A shafin dama mu rubuta abin da muka saya. A shafin hagu mu rubuta abin da muka sayar. A bayan littafi mu rubuta sunan duk wanda muke bi bashi, da ranar da ya ci. Jari daban, riba daban. Wadda ta ci jari ta yanka kazar da take yi mata ƙwai.

Ribar kuma a kasa ta uku: kashi ɗaya na cefane, ɗaya na asusu ko adashi, ɗaya a ƙara a kan jari. Kuɗin asusun nan su ne za su sayi sabulu da fensir da takalmin yara a zango na biyu, ba sai an nemi rance ba. Da yayyafi kogi kan cika.

2. Mu raba sana'armu da tallan yara

Wannan shi ne mai wuya. A lokacin hutu yarinya ce take ɗaukar talla. An koma makaranta, wa zai ɗauka? Nan ne uwa takan ce, "Bari ta yi mini yau kaɗai." Yau ta zama gobe, gobe ta zama mako. Kafin a farga 'yan ajinta sun wuce ta, kunya ta hana ta komawa.

Mu tuna, tun shekarar 2004 dokar Nijeriya ta ce karatun firamare na shekara 6 da na ƙaramar sakandare na shekara 3 tilas ne a kan kowane yaro, mace da namiji. Ko ba don doka ba, ribar talla ta yini ɗaya ce, amma karatu na har abada ne.

Akwai dabara. Ana iya ajiye kaya a cikin gida, a sanar da maƙwabta su aiko. Ana iya shiryawa da wata dattijuwa ko dillaliya ta kai kasuwa, a ba ta la'ada. Ana kuma iya komawa ga kayan da ba sa lalacewa da wuri, kamar ƙuli-ƙuli da daddawa da man gyaɗa, waɗanda za su jira ranar kasuwa. Da fari ciniki zai ragu, wannan gaskiya ne. Amma in kaya suna da kyau da tsabta, masu saye za su san ƙofa.

3. Mu tsara yininmu

Aikin safe tun da dare ake rage shi. Bayan lisha a tanadi ruwa da itace, a duba rigar makaranta, a sa littattafai cikin jaka. Da asuba a yi salla, a ba yara kalaci, su fita da wuri. Yaron da ya tafi da yunwa ba ya jin malami. Daga hantsi zuwa azahar lokacin sana'a ne. Da sanyin safiya ake kama fara.

Maigida kuma ya sa hannu. Ya tabbata yara sun isa makaranta, ya riƙa leƙawa wurin malamai. In uwa tana fama da wani ciwo, ko tana da juna biyu, yanzu ne lokacin zuwa asibiti. A ƙarshen damina sauro yana da yawa, kowa ya kwana cikin gidan sauro.

4. Mu ma mu koma aji

Aikin gona ya sa wasunmu sun daina zuwa aji. To, a dawo. Kowace shekara ran 8 ga Satumba duniya takan yi bikin ranar yaƙi da jahilci, kusa da lokacin da yaranmu suke komawa makaranta. Karatun matan aure ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fiye da shekara 150 da suka wuce, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tana aika jajis ƙauyuka suna koya wa mata addini da tarbiyya.

Macen da ta iya karatu ba ta miƙa wa wani wayarta ya gaya mata nawa aka aiko mata. Tana karanta takardar asibiti da kanta. In yaro ya kawo sakamakon jarrabawa, ta san ko ya ci ko ya faɗi. Yaron da ya ga uwarsa riƙe da fensir ba zai raina nasa ba.

Tambayoyi

1. A wane wata zango na fari yakan soma?
2. Nawa ne jarin mai ƙosai ya ragu? Me ya jawo haka?
3. In riba naira 3,000 ce, nawa ne kowane kashi in an kasa ta uku?
4. Faɗi hanya biyu da za a sayar da kaya ba da tallan yara ba.

Aikin rubutu

Kowa ya rubuta wannan sau uku: Jari daban, riba daban. Sa'an nan ya rubuta abin da ya saya da abin da ya sayar jiya, ya kawo wa malami a darasi mai zuwa.