Darasi na Sha Huɗu: Bututun Gas da Wayoyin Lantarki

Lembah Pantai wani yanki ne na birnin Kuala Lumpur a ƙasar Malesiya. A nan ne Jami'ar Malaya take, haka kuma hedkwatar TNB, kamfanin wutar lantarki na ƙasar, tana unguwar Bangsar. Saboda cunkoson gidaje a birni irin wannan, sau da yawa bututun da aka binne a ƙasa yakan bi hanya ɗaya da manyan wayoyin lantarki.

Wannan maƙwabtaka tana da haɗari. Wutar da ke gudana cikin wayoyin tana haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayensu. Idan bututun ƙarfe ya yi tafiya mai nisa a gefensu, sai shi ma ya ɗauki wuta. Wutar tana iya jan ma'aikacin da ya taɓa bututun, kuma takan gaggauta tsatsa a duk inda fentin kariya ya kankare.

Don haka ne injiniyoyi suke amfani da bututun roba da aka ƙarfafa da zaren gilashi. Irin wannan bututu ba ya ɗaukar wuta, ba ya tsatsa, kuma bai kai ƙarfe nauyi ba. Sai dai yana da nasa rauni. Gobara tana lalata shi, motar haƙa ƙasa tana iya fasa shi, kuma ba kasafai ake amfani da shi a manyan layukan gas masu matsi sosai ba. Shi ya sa layin gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, aka yi shi da ƙarfe.

A ranar 1 ga Afrilun 2025, bututun gas na kamfanin Petronas ya kama da wuta a Putra Heights, kusa da Kuala Lumpur. Fiye da mutum 100 suka jikkata, gidaje da dama kuma suka ƙone. Bincike ya danganta lamarin da motsin ƙasar da ke ƙarƙashin bututun. Tun daga lokacin, lafiyar bututun da ke kusa da gidaje ta zama babban abin damuwa a ƙasar.

Tambayoyi
1. Yaya bututun ƙarfe yake ɗaukar wuta?
2. Kawo amfani biyu da rauni biyu na bututun roba.
3. Me ya faru a Putra Heights?