Kafin Ka Sayi Kwamfutar Tafi-da-Gidanka: Jan Kunne Kan Batir da Caja

Duk shekara idan hunturu ya kama, hukumomin kashe gobara na jihohi sukan shiga gidajen rediyo suna roƙon jama'a a kashe kayan wuta kafin a kwanta barci ko a rufe shago. A da gargaɗin bai wuce hitar dafa ruwa da dutsen guga da kaskon jin ɗumi da fetur da ake ɓoyewa a ɗaki ba. Yanzu kuwa akwai wani baƙo da ya shigo gidaje, yana kwana a kan katifa jone da soket, ba mai yi masa kallon abin tsoro: kwamfutar tafi-da-gidanka. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, iyaye suka fara ganin sayen ta a matsayin larura. Ɗalibin jami'a yana buƙatarta don rubuta binciken kammala karatu, ma'aikaci don aikin ofis, ɗan kasuwa don lissafi. Mafi yawan masu sayen nan masu matsakaicin ƙarfi ne, sun tara kuɗin ne a hankali, kuma inda suke dosa shi ne Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Abin da suke nema ba laifi ba ne: wadda za ta yi ƙarko, ba ta da nauyi, kuɗinta kuma bai fi ƙarfin aljihu ba. Kuskuren da ake yi shi ne neman ƙarkon a inda ba ya nan. Ƙarkon kwamfuta, da lafiyar gidan da za ta shiga, suna rataye ne a kan batirinta da cajarta, kuma su ne abubuwa biyun da mai saye ya fi wucewa bai duba ba.

Dattawan da suka san cinikin doki ba a ruɗarsu da sirdi. Dillali zai kawo dokin an wanke shi, an shafa masa mai yana sheƙi, an ɗora masa jalala mai ado da linzami sabo, yana ta zuba kirari. Gwani ba zai ce uffan ba. Zai sa a sauke sirdin ya duba gadon baya ko akwai miki, ya buɗe baki ya ƙirga haƙora don ya san shekaru, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, ya sa a yi sukuwa da shi a dawo, sannan ya tsaya ya saurari numfashinsa. Ya san cewa sirdi ana aro, mai kuma yana bushewa, amma dokin da huhunsa ya lalace zai durƙushe da mahayinsa a tsakiyar hanya ko da an yi masa kwalliyar hawan daba. Haka ma kwamfutar gwanjo take isowa shago: an goge ta, an manna mata sabuwar leda a murfi, an liƙa mata tambari mai ƙyalli, an zuba mata finafinai don allon ya burge. Mai saye ya shafa murfi, ya ji santsi, ya ce a sallama. Bai duba huhun ba.

Ya kamata kowa ya san abin da ke cikin batirin nan. Sinadarin litiyam ne, an shirya shi falle-falle, tsakanin falle da falle akwai wata siririyar fata da ke hana su haɗuwa. Muddin fatar nan tana lafiya, wuta tana shiga tana fita cikin tsari. Idan ta huje saboda faɗuwa ko matsi, ko ta narke saboda zafi, ko aka ɗura wa batirin wutar da ta wuce ƙima, sai fallayen su haɗu, zafi ya tashi, zafin kuma ya haifar da wani zafin, har ya kai ɗaruruwan digiri cikin ɗan lokaci kaɗan. Daga nan sai hayaƙi mai guba, sai harshen wuta, kuma wuta ce mai taurin kai, domin takan sake tashi bayan an zaci ta mutu. Sau da yawa batiri yakan yi gargaɗi kafin ya kai nan. Yakan kumbura, saboda iskar da ke taruwa a cikinsa idan sinadarin ya fara lalacewa. Tsufa yana kawo wannan, zafi kuma yana gaggauta shi, ga mu a ƙasar da a watannin Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, wutar lantarki tana zuwa da ƙarfi ta koma da rauni, janareta yana tasa rawar. Batirin da ya yi shekara biyar yana aiki a ofis mai sanyi a Ingila ko Amurka, ya kuma yi makonni a kwantena a kan teku, shi ne muke kawowa cikin wannan yanayi mu ɗora a kan bargo.

Kada wani ya ɗauka tsoratarwa ce kawai. A 2006 kamfanin Dell ya janye batura fiye da miliyan 4, waɗanda Sony ya ƙera, saboda haɗarin kamawa da wuta. A 2016 Samsung ya dakatar da wayarsa Galaxy Note 7 baki ɗaya saboda wannan matsalar. A 2019 Apple ya nemi a dawo masa da wasu kwamfutocin MacBook Pro masu inci 15 don ya sauya musu batir. Duk alhajin da ya hau jirgi ya san ba a yarda a jefa batirin ajiya a cikin babbar jaka ba, sai a jakar hannu, inda idan ya yi hayaƙi za a gani da wuri. To, wani zai ce: ai ga shi manyan kamfanoni ma nasu ya kama da wuta, me ya raba na asali da na jabu ke nan? Abin da ya raba su a bayyane yake. Waɗannan kamfanoni sun san lambar kowane batir, sun gano aibin, sun yi shela, sun sauya kyauta. Batirin da aka harhaɗa a wani lungu aka buga masa tambarin da ba nasa ba, wa zai yi shelar aibinsa? Idan har masu ɗakunan gwaji suna kuskure, wanda ba ya gwaji sam sai dai a ce Allah Ya kiyaye.

Caja ma haka take, ko ma ta fi. Aikinta ta karɓi wutar gida mai ƙarfin bolt 230 ta sauko da ita zuwa wajen 19 ko 20 da kwamfuta ke sha, ta kuma tsaya tsakani idan wuta ta yi tsalle. Cajar jabu an rage mata kayan cikin da ke yin wannan tsaron, shi ya sa take da araha, shi ya sa kuma idan ka ɗaga ta sai ka ji ta sakayau kamar ba komai a ciki. Tana zafi har hannu ba ya iya riƙe ta, wani lokaci tana ƙara siririya, kuma da ka jona ta sai ka ga kibiyar da ke kan allo tana tsalle-tsalle ita kaɗai. Wasu kwamfutocin, irin na Dell, su da kansu sukan rubuta cewa ba su gane cajar ba, su ƙi cika batir. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta daɗe tana kamawa tana lalata kayan lantarki marasa inganci, amma hukuma ba za ta tsaya a bakin kowane shago ba. Abin takaici shi ne mutum ya ƙirga dubban ɗaruruwa ya biya kuɗin kwamfuta, ya zo kan caja ya ce a ba shi ta mai sauƙi. Araha ba ta ado, a nan kuwa har gida takan ci.

Dubawar ba ta buƙatar digiri. Ɗora kwamfutar a kan tebur mai shafe, ka danna kusurwoyinta huɗu. Idan tana rawa, mai yiwuwa akwai abin da ya turo cikinta. Dubi faifan da ake murzawa da yatsa a ƙasan madannai: idan ya taso sama da gefensa ko ya ƙi dannuwa, batirin da ke ƙarƙashinsa ya kumbura. Bi gefen jikinta da farce ka ji ko akwai inda ya tsage. Sa mai shago ya fitar maka da rahoton batir, domin Windows tana da umarnin da ake rubutawa, powercfg /batteryreport, wanda ke nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda ya rage masa yau. Idan abin da ya rage bai kai kashi 70 cikin 100 ba, ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. Sannan a zare caja, a kunna bidiyo, ka zauna rabin awa kana kallon yadda kason wutar ke sauka. Mai shagon da ya ce ba shi da lokacin wannan, ka yi masa sallama ta mutunci ka ƙara gaba. Ita cajar kuma ka karanta abin da aka rubuta a bayanta, wat 45 ne ko 65, ka tabbata ya yi daidai da abin da kwamfutar ke nema.

Akwai mai cewa kuɗinsa ba su kai na sabuwa ba, don haka dole ya karɓi abin da ya samu. Ba wanda ya ce gwanjo haramun ne. Hasali ma tsohuwar ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, waɗanda aka ƙera don ma'aikatu, sukan fi sabuwa mai arahar roba jure wahala, kayan gyaransu kuma suna samuwa a kasuwa. Abin da ake cewa shi ne a kasa kuɗin kashi biyu tun daga gida, babban kashi na kwamfuta, ƙarami na batir da caja masu kyau, ko da hakan zai sa a haƙura da wani adon. Akwai kuma mai cewa maƙwabtansa duk haka suke yi, bai taɓa ganin gobara ba. Gaskiya ne yawancin batura sukan mutu shiru, su daina riƙe wuta kawai. Amma ko a hakan an yi asara, domin kwamfutar da ba ta rayuwa sai a jikin soket ta tashi daga tafi-da-gidanka, balle a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama. Batirin da bai mutu shiru ba kuwa, sau ɗaya ya isa. Mai cewa komai ƙaddara ce ya tuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a kashe wuta kafin a kwanta barci, ya kuma umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Wanda ya bar kwamfuta jone a kan katifar soso, yara suna barci a gefe, ya ja ƙofa ya tafi hira, sakaci ya yi, kuma za a tambaye shi game da amanar da aka ba shi. Iyaye su daina cewa abin yaran zamani ne, su ba su gane ba. Gane cewa abu ya yi zafi ko ya kumbura ba ya buƙatar boko.

Ku kuma 'yan kasuwa da masu gyara, ku ji tsoron Allah. Sanannen abu ne yadda Annabi ya tsawatar wa mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya baje busasshe a sama. Wanda ya ga batir ya kumbura ya danne murfi ya ɗaure da sukurori, ko ya ba da cajar jabu da sunan ta asali, aikinsu ɗaya da wancan, sai dai shi nasa yana iya cin rai. Faɗin aibin kaya ba ya hana ciniki, rage riba kaɗan yake yi ya ƙara albarka.

Sauran abubuwan da ake dubawa ba su da wuyar faɗa. Mai allo inci 13 ko 14, wadda nauyinta bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, ta ishi mai yawo da ita kullum. RAM kada ya gaza giga 8, in da hali 16, kuma a tambaya ko ana iya ƙarawa, domin a wasu sirara an liƙe shi. Ma'adana ta zama SSD, don tsohon faifai mai juyawa yana da nawa kuma ba ya son girgiza. A buɗe murfi a rufe sau da yawa a ji ƙarfin maƙallansa, a danna kowane harafi, a gwada kowace kafa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin na'urorin Intel da suka girmi zubi na 8, don haka kada a ruɗe ka da tambarin Core i7 ba tare da sanin zubinsa ba. Wadda aka kulle da kalmar sirri da mai sayarwa bai sani ba, ka guje ta, domin mai yiwuwa ta sata ce, sayen kayan sata kuwa laifi ne a doka da addini. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti.

Idan ta iso gida, mazauninta tebur ne ko faranti mai tauri, ba katifa ko filo ba, kuma a zare ta daga soket kafin barci. A kai ta a hure mata ƙura bayan hunturu, kada a bar ta a cikin mota da rana. Batirin da ya kumbura ba a soka masa allura, ba a danne shi, ba a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta. A kashe kwamfutar a kai wa mai gyaran da ya san aikinsa. In kuwa ta fara hayaƙi, a kashe wutar gidan daga mita, a fitar da yara da tsofaffi, kada a tsaya shaƙar hayaƙin don ceton kaya, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112.