Darasi Na 14: Ina Tocila?

Yau za mu yi magana a kan tocila. Kusan kowane gida akwai ta, amma in dare ya yi tsaka aka ji motsi, sau da yawa sai a neme ta a rasa.

Mun san wani magidanci a Tudun Wada ta Zariya. Ran nan da damina aka ɗauke wuta. Can cikin dare ya ji kaji suna kuka a akurki. Ya laluba ƙarƙashin matashi, ba tocila. Ya laluba bakin taga, ba ta. Ya ta da uwargida ya ce, "Ina tocilata?" Ta ce, "Malam, ai yara sun yi karatu da ita bayan lisha." Ya sauko daga gado ba takalmi, yana lalube a ƙasa, sai kunama ta harbe shi a yatsa. Da gari ya waye aka sami tocilar cikin kwanon tuwo. Batir ɗinta sabo ne ful, amma ba ta amfane shi da kome ba a daren nan.

Shi ya yi sa'a, kunama ce. Da damina macizai sukan yawaita kusa da gidaje. Gamsheƙa takan shiga gida da dare, tana bin ɓeraye da kwaɗi da ƙwan kaji. Kasa takan kwanta a kan hanya, ba ta gudu, sai an taka ta. Kububuwa kuwa ta kashe manoma da yawa a ƙasar nan, har akwai asibiti na musamman don saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda aka yi sakaci da su. Ta ce yana kashe mutum tsakanin 81,000 da 138,000 kowace shekara a duniya. Wanda ya haska ƙasa kafin ya taka ya rage wa kansa haɗari mai yawa.

Tocila ba ta daɗe ƙwarai a duniya ba. A 1899 wani Baturen Ingila mai suna David Misell, yana zaune a Amurka, ya sami takardar shaidar ƙirƙiro ta. Kakanninmu da aci-balbal suka yi ta fama, sa'an nan fitilar ƙwai ta zo. Su waɗannan sai an nemi ashana. Tocila kuwa dannawa ɗaya ce. Aibinta guda ne: in tana kashe, ita ma baƙa ce kamar sauran kayan ɗaki. Ga dabaru biyar na maganin wannan.

Dabara ta farko: a yi mata wuri guda. Wannan ita ce babba. A kafa ƙusa a bango wajen kan gado, inda hannu zai kai mutum yana kwance, ba sai ya sa ƙafa a ƙasa ba. Kada a ajiye ta a ƙasa ko a ƙarƙashin tabarma, gama nan ne kunama ke ɓuya. Mai kwana cikin gidan sauro ya shiga da ita ciki, ya sa ta gefen matashi, kullum gefe ɗaya. Hannu yana da hadda. Bayan mako biyu zai riƙa zuwa wurin da kansa, ko ido yana rufe.

Dabara ta biyu: a ɗaura mata igiya. A yi zarge wanda hannu zai shiga. Da shi za a rataye ta a ƙusa. Ko ta faɗi, ba za ta gangara ƙarƙashin gado ta ɓace ba, kuma mai lalube ya fi saurin cin karo da igiya mai reto.

Dabara ta uku: a sa mata fari. Yawancin tociloli baƙaƙe ne. A naɗa mata farin ƙyalle, ko a shafa mata farin fenti a gindi. A shafa farar ƙasa a bango kewaye da ƙusar, kamar faɗin faifai. Amma mu lura, fari ba ya ba da haske da kansa. Hasken da ya sauka a kansa shi yake mayarwa. In akwai ɗan farin wata ta taga, za a gan shi. In duhu ya yi baƙi ƙirin, ba za a gan shi ba.

Dabara ta huɗu: a sa mata abin da ke haske da kansa. Da yawa daga cikinmu mun san tasbahar nan da alhazai ke kawowa tsaraba, wadda ke yin haske kore-kore cikin duhu. In akwai wadda ta tsinke a gida, a ɗauki 'ya'yanta uku ko huɗu a zura a igiyar tocila. Akwai kuma salatif da fenti masu irin wannan haske.

Yaya suke yi? Akwai wani gari da ake cuɗawa cikin robar. Garin nan yana shan haske ya riƙe, sa'an nan ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, kamar yadda dutse ke shan zafin rana ya yi ta ɗumi bayan magariba. Saboda haka sai an ba shi haske tukuna. In bai sha ba, ba zai bayar ba. Kafin a kwanta, a riƙe 'ya'yan tasbahar a gaban ƙwan tocilar, a haska su kamar minti ɗaya ko biyu.

Garin iri biyu ne. Na dā yakan dushe da wuri. A 1993 wani kamfani a Japan mai suna Nemoto ya fito da sabon iri, wanda ya fi haske, yana kuma daɗewa sa'o'i da yawa. Ido ba zai bambanta su a kasuwa ba, sai an gwada. A haska abin da dare, in an farka da asuba a duba. In har ana ganinsa, mai kyau ne. Kada a raina haskensa don ya yi rauni. Idon mutum yakan ɗauki kamar rabin sa'a kafin ya saba da duhu sosai, wanda ya farka daga barci kuwa idonsa ya riga ya saba, zai hangi ɗan hasken da mai shigowa daga waje ba zai gani ba.

Kada a rikita wannan da salatif mai ƙyalli irin na bayan mota da keke. Shi wannan sai an haska shi yake ƙyalli. Wanda ya rasa tocila kuwa da me zai haska?

Dabara ta biyar: a duba batir. Ba a fafe gora ran tafiya. Mu zaɓi rana guda a mako, misali Jumma'a, mu kunna tocila mu gani. In hasken ya yi ja, a sake batir. Mataccen batir kada a bar shi ciki, yakan yi ruwa ya cinye ƙarfen. Mai tocila ta caji, in ta cika ya mayar da ita ƙusarta nan da nan. Kada a shanya tocila a rana mai zafi, zafi yana ɓata batir. Fitilar waya tana da amfani, amma waya yawo take yi hannu-hannu, cajinta kuma yakan ƙare.

Duk wannan ba zai yi ba sai mutanen gida sun yarda da doka guda: wanda ya ɗauka, shi zai mayar. In da hali a saya wa yara tasu ta karatu. Uwargida ma ta sami tata a ɗakinta, gama ita ke tashi da dare saboda jariri.

In tsautsayi ya faɗa maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da awarwaro, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti maza-maza.

Tambayoyi

1. Don me ba a son ajiye tocila a ƙasa?
2. Yaushe farin ƙyalle zai taimaka, yaushe kuma ba zai taimaka ba?
3. Me za a yi wa 'ya'yan tasbaha kafin a kwanta?
4. Faɗi abu uku da ba a yi wa wanda maciji ya sara.

Aiki

Kowa ya rubuta wannan a littafinsa sau uku: Wanda ya ɗauka, shi zai mayar. Yau da yamma kowa ya kafa ƙusarsa. Ran Litinin in mun taru, kowa zai gaya wa aji inda ya kafa tasa.