Bayan An Ƙidaya Ƙuri'a: Darasi A Kan Fitar Birtaniya Daga Tarayyar Turai

'Yan'uwana ɗalibai, a cikin darasin zaman ƙasa mu kan koya wa yara cewa idan mutane suka yi gardama sai a jefa ƙuri'a, abin da mafi yawa suka zaɓa shi za a bi. Wannan gaskiya ne, amma da sauran magana. Wani lokaci a kan ƙidaya ƙuri'a sarai, kowa ya san ɓangaren da ya ci, sa'an nan gardama ta daɗa zafi fiye da dā. Ina so in kawo muku misalin abin da ya faru a ƙasar Birtaniya daga 2016 zuwa 2020, ko ya yi mana amfani sa'ad da muka fita gwajin koyarwa.

Asalin maganar

Birtaniya ta shiga ƙungiyar cinikin ƙasashen Turai a farkon shekarar 1973. Ita ce ƙungiyar da daga baya ta zama Tarayyar Turai. A 1975 aka tambayi jama'a ko su na so a zauna ciki, wajen kashi 67 cikin ɗari suka ce a zauna. Amma gunaguni bai ƙare ba. Waɗansu su na cewa dokokin da a ke yi a ƙetare sun yi musu yawa, baƙi kuma su na shigowa ba iyaka. Don haka Firayim Minista David Cameron ya shirya ƙuri'ar raba gardama ran 23 ga watan Yuni, 2016. Mutum miliyan 17.4 suka ce a fita, miliyan 16.1 suka ce a zauna, watau kashi 52 da kashi 48 ke nan. Kashegari Cameron ya ce zai sauka, gama shi ya na cikin masu son a zauna. Theresa May ta gaje shi a watan Yuli.

To, ku lura da abu biyu. Na fari, Birtaniya haɗin ƙasa huɗu ce. Ingila da Wels suka zaɓi fita, amma a Sikotlan kashi 62 suka ce a zauna, a Ailan ta Arewa kuwa wajen kashi 56. Na biyu, shi ne babba, takardar ƙuri'a tambaya ɗaya tak ta yi: a zauna ko a fita. Ba ta tambayi kowa irin zaman da za a yi da maƙwabta bayan an fita ba.

A ɗauki misalin 'yan'uwa da ke noma a gandu ɗaya. Ɗayansu ya ce shi zai ware, aka yarda masa. Faɗin haka ba wuya. Amma wa zai ɗauki fadama? Rijiyar da aka haƙa tare fa, zai ci gaba da ɗiban ruwa? Bashin da aka ci bara, nawa ne rabonsa? Irin waɗannan tambayoyi ne suka tsaya wa Birtaniya. Akwai kuɗin alkawuran da ta riga ta ɗauka, wanda aka ƙiyasta a lokacin zai kai wajen fam miliyan dubu 39. Akwai mutanen sauran ƙasashen Tarayya wajen miliyan 3 da ke zaune a Birtaniya, da 'yan Birtaniya fiye da miliyan ɗaya da ke zaune a can. Akwai kuma ciniki.

Hanyoyi huɗu

Sa'ad da aka shiga muhawara, sai mutane suka rabu bisa hanyoyi huɗu. Ya kamata mu ji hujjar kowa da adalci.

Hanya ta fari ita ce irin ta ƙasar Norwe. Norwe ba ta cikin Tarayya, amma ta na cikin kasuwarta ta bai-ɗaya, inda kaya da ayyuka da kuɗi da mutane ke wucewa ba shamaki. Masu son wannan suka ce ciniki ba zai taɓu ba, kuma tun da ratar ƙuri'a kaɗan ce, fita mai sauƙi ita ta dace. Aka amsa musu cewa Norwe ta na biyan kuɗi, ta na bin dokokin da ba ta da ƙuri'a wajen yinsu, ba ta kuma iya hana mutanen Tarayya shigowa. In haka ne, me aka fita yi?

Hanya ta biyu irin ta Kanada ce, watau a fita sarai, sa'an nan a ƙulla yarjejeniyar ciniki. Ƙasa za ta riƙe dokokinta da iyakarta. Aibinta shi ne dole a riƙa duba kaya da cika takardu a bakin iyaka, ciniki ya yi nauyi.

Hanya ta uku ita ce a fita ba tare da wata yarjejeniya ba, a biya kuɗin fito kamar kowace baƙuwar ƙasa. Masu wannan ra'ayi suka ce wanda ba ya iya tashi daga wurin ciniki ba ya samun rangwame. Masu masana'antu da manoma da yawa kuwa suka ji tsoron asara.

Hanya ta huɗu ita ce a koma wurin jama'a, a nuna musu yarjejeniyar da aka samu, a sake tambayarsu. Masu sonta suka ce yanzu ne mutane suka ga abin da fita ta ƙunsa. Masu ƙinta suka ce idan za a yi ta maimaita ƙuri'a har a sami amsar da manya ke so, to, ƙuri'ar talaka ba ta da daraja ke nan.

Wa ke da ikon yanke magana?

Kafin a zaɓi hanya ma, sai da aka yi jayayya a kan wanda zai zaɓa. Dokar da ta kafa ƙuri'ar ba ta tilasta wa gwamnati yin kome ba, kuma mafi yawan wakilan Majalisa sun goyi bayan zama. Gwamnati ta so ta ba da sanarwar fita da ikon kanta. Wata mace mai suna Gina Miller ta kai ƙara, a watan Janairu na 2017 Kotun Ƙoli ta yanke cewa sai Majalisa ta yarda tukuna. Majalisa ta yarda, aka ba da sanarwa ran 29 ga Maris, 2017. Bisa ga Sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayya, daga ranar sanarwa shekara biyu ce wa'adi. Ashe an fara lissafin kwanaki tun ba a daidaita a gida a kan abin da za a nema ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Theresa May ta kira zaɓe a watan Yuni na 2017 don ta ƙara ƙarfi, sai ta rasa rinjayen da ta ke da shi. Ta dawo da yarjejeniya a watan Nuwamba na 2018. Ran 15 ga Janairu, 2019, Majalisar Wakilai ta ƙi ta da ƙuri'a 432, masu yarda 202. Aka sake kawo ta sau biyu a watan Maris, ba ta wuce ba. Abin mamaki, waɗanda suka kayar da ita sun haɗa da masu ganin ta raba su da Turai da yawa, da masu ganin ba ta raba su sosai ba. Sai wakilai suka gwada da kansu. Ran 27 ga Maris aka kawo shawara takwas dabam dabam, ba ko ɗaya da ta sami rinjaye. Ran 1 ga Afrilu aka kawo huɗu, duka suka faɗi, ɗaya da ratar ƙuri'a 3 kaɗai. A nan ne zuciyar darasinmu ta ke. Masu son fita sun fi yawa a ranar ƙuri'a, amma da aka zo zaɓen hanya, kowace hanya masu ƙinta sun fi masu sonta.

Iyakar Ailan

Babban ƙulli shi ne tsibirin Ailan. Arewacinsa na Birtaniya ne, kudancinsa ƙasa ce mai mulkin kanta, ta na kuwa cikin Tarayya. Tsakaninsu akwai iyaka ta wajen kilomita 500. An yi shekaru kusan talatin ana zub da jini a arewa kafin sulhun 1998, ba wanda ya so a sake kafa shingen duba kaya a wurin. Gwamnati ta so abu uku: ta fita daga kasuwar bai-ɗaya da tsarin kwastan na Tarayya, kada a sa shinge a cikin tsibirin, kada kuma a sa shi a teku tsakanin Ailan ta Arewa da sauran Birtaniya. Biyu su na yiwuwa tare, uku ba su yiwuwa, gama kaya lalle sai an duba su a wani wuri.

Yadda aka ƙare

Theresa May ta sauka, Boris Johnson ya hau a watan Yuli na 2019. Ya dakatar da zaman Majalisa, Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa wa doka. Ya yarda a riƙa duba kaya a teku. An ɗaga ranar fita har sau uku. A zaɓen 12 ga Disamba, 2019, jam'iyyarsa ta ci kujera 365 cikin 650, da haka yarjejeniyarsa ta wuce. Birtaniya ta fita ran 31 ga Janairu, 2020, aka kammala yarjejeniyar ciniki ran 24 ga Disamba na wannan shekara, mai kama da hanya ta biyu. Maganar Ailan ta Arewa kuwa sai da aka sake gyara ta a 2023.

Abin da za mu koya wa yara

Ko fita ta yi kyau ko ba ta yi ba, wannan na mutanen Birtaniya ne su auna. Namu shi ne mu gane cewa tambaya mai amsa "i" ko "a'a" ba ta isa ɗaukar babban al'amari ba, sai an bayyana wa masu ƙuri'a abin da zai biyo bayan kowace amsa. Mu gane kuma cewa kashi 48 da aka kayar ba su bar ƙasar ba, da su za a ci gaba da zama.

Ga yadda za a gwada a aji. Malami ya fara tambayar yara ko su na so a sake lokacin wasanni, su ɗaga hannu. In mafi yawa sun ce i, sai ya rubuta lokatai uku a allo, a jefa ƙuri'a a kan kowane. Sau da yawa za a ga ba wanda ya sami rabin aji. Daga nan ya ba su labarin Birtaniya, ya raba su kashi huɗu, kowane kashi ya kare hanya ɗaya. Kada ya bar yaro ya soki hanyar wani sai ya fara faɗin aibin tasa.

Tambayoyi

1. Don me yarjejeniyar Theresa May ta faɗi, alhali mafi yawan masu ƙuri'a sun zaɓi fita?
2. Idan ra'ayin wakili ya saɓa da na mutanen da suka zaɓe shi, wanne ya kamata ya bi? Kawo hujja.
3. Da kai ne aka ba aikin rubuta takardar ƙuri'ar 2016, yaya za ka tsara tambayar?